Ƙaramar Fowil a Yashin Bakin Teku: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon yawancinsu a kan abu ɗaya suke, wato shiga yashin bakin teku da ƙaramar mota mai ja da taya huɗu, wadda direbobi ke kira fowil. Mun haɗe waɗanda suka yi kama da juna, mun kuma taƙaita dogayen.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Suzuki Jimny mai inji lita 1.5. Abokaina sun ce kada in kuskura in kai ta yashi mai taushi, wai wannan aikin manyan motoci ne irin su Land Cruiser. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, abokanka sun auna abin da ma'aunin kwalta. A yashi ba ƙarfin inji ne ke fara magana ba, nauyin da kowace taya ke dannawa a ƙasa ne. Jimny ɗin da aka fara fitarwa a 2018 nauyinta kusan kilo 1,100 ne, manyan fowil kuwa sun haura tan biyu tun kafin a ɗora musu kaya. Wadda ta fi sauƙi ita ta fi zama a saman yashi, in kuma ta kafe mutum biyu da shebur za su iya fitar da ita.

Amma tana da nata raunin. Injin ba shi da rarar ƙarfi, don haka kuskuren giya ɗaya kan iya kashe mata gudu a tsakiyar wuri mai taushi. Tazarar tayoyinta na hagu da dama ba ta kai ta manyan motoci ba, saboda haka in ka bi sawun da suka haƙa, taya ɗaya na cikin rami ɗaya na kan gefe, sitiyari ya riƙa fizgarka. Ga ta gajera kuma doguwa sama, abin da ke sa ta saurin tangaɗi a gangare. Sai batun kaya: iyakar nauyin da kamfani ya yarda mata, ita da duk abin da ke cikinta, kilo 1,435 ne. Manya huɗu da jarkar ruwa sun kusa cinye ragowar. Duk abin da ba dole ba a bar shi, mai nauyi kuma a sa shi ƙasa a ciki, kada a ɗaure shi a rufi.

Wani abu da ya kamata sauran masu karatu su lura da shi: ba duk motar da aka rubuta wa 4WD ko AWD (alamar ja da taya huɗu) a baya ce ke da wannan hali ba. Da yawa daga ƙananan motocin gari da tayoyin gaba suke ja, sai sun ji santsi sannan wani kuloci ya tura ƙarfi baya. A dogon yashi kulocin nan kan yi zafi, kwamfutar motar ta sake shi don kada ya ƙone, ka wayi gari da taya biyu kawai kana tsakiyar rairayi. Irin waɗannan su tsaya a yashi mai tauri.

Tambaya: Kowa cewa yake a rage iskar taya. Nawa za a rage, kuma ba zai lalata tayar ba?

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, don kusan duk motar da ka gani ta nutse a mashigar bakin teku, in ka sa geji za ka tarar da iskar kwalta a tayoyinta.

Taya mai cike da iska tana taɓa ƙasa da ɗan wuri kamar tafin hannu. A yashi sai ta nutsa, ta tara tudu a gabanta, ya zama kullum motar hawa take yi ko da filin a shimfiɗe yake. In ka rage iska, wurin da take takawa yana ƙaruwa, kuma a tsawo ya fi ƙaruwa, ba a faɗi ba kamar yadda mutane ke zato saboda sun ga gefenta ya kumbura. Lissafin a taƙaice: ka rage iska zuwa rabi, wurin takawa ya kusa ninkawa. Raƙumi ma da faffaɗan tafi yake cin sahara, ba da ƙarfin ƙafa ba.

Ƙaramar fowil takan sha iska kusan psi 26 zuwa 30 a kwalta (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya da geji ke nunawa). Ainihin adadin na nan a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Kafin ka taka yashi, tun kana kan ƙasa mai tauri, ka sauke duka huɗun zuwa 18. In yashin busasshe ne mai zurfi, ka sauka 15. Mota marar nauyi takan buƙaci ƙasa da abin da babba ke buƙata kafin tayarta ta baje, shi ya sa 15 ɗin da ke wadatar da babbar mota wani lokacin ƙarama sai ta kai 12. Masu gejin da ke nuna bar su tuna bar ɗaya daidai yake da psi 14.5. Daga 10 zuwa ƙasa ba na tafiya ba ne, na fita daga rami ne kawai, da ka fita ka ƙara.

Haɗarin gaskiya ne, kuma iri biyu ne. Na farko, iskar ciki ce ke manne leɓen taya da rim. In ta yi ƙasa kuma ka murɗa sitiyari da ƙarfi kana gudu, leɓen ya zame, iskar ta fice gaba ɗaya, rim ya caki yashi; a gajerar mota wannan na iya kifar da ita. Na biyu zafi ne: gefen tayar na lanƙwasawa yana miƙewa a kowane juyi, in gudu ya yi yawa sai ya yi zafi ya lalace daga ciki, ba za ka gani ba sai ranar da ta fashe a hanya. Saboda haka da iska 15 kada ka wuce kilomita 40 a awa, kwana kuma ka sha ta da faɗi. In ka kiyaye waɗannan biyun, da wuya tayar ta lalace.

Kayan aikin ba su da yawa. Geji mai nuna ƙananan lambobi sosai, don wanda aka yi wa manyan motoci ba ya bambanta 12 da 16. Famfon iska na lantarki da ake maƙalawa a kan batir kai tsaye, a bar inji na aiki yayin busawa. Ƙananan da ake sokawa a ramin kunna taba sukan yi zafi su mutu kafin taya ta uku. Kada a auna da ido ko da bugun ƙafa, kuma huɗun su zama daidai, in ba haka ba motar ta riƙa ja gefe. A motocin da ke da fitilar gargaɗin iskar taya, za ta kama a dashbod, wannan ba komai ba ne.

Ga mai shirin sayen taya: masu manyan haƙora na taɓo haƙa suke yi a yashi, su binne ka da wuri. Tayar hanya ko ta tsaka-tsaki mai dogon gefe ta fi. Mai siririn gefe a kan babban rim kuwa ba ta da abin bajewa, ba ta yi wa wannan aiki.

Tambaya: Ni mace ce, motata manuwal ce mai 2H (ja da taya biyu), 4H (ja da taya huɗu) da 4L (taya huɗu da ƙarin ƙarfi amma ƙarancin gudu). Wanne zan sa, kuma a wace giya? Na gwada sau ɗaya, ina taka totur amma motar kamar ana riƙe ta, wata fitila tana ƙyaftawa.

Amsa: Hajiya, bari mu fara da fitilar. Na'urar hana zamewa ce, wadda wasu kamfanoni ke kira ESP. Aikinta a kwalta shi ne in ta ji taya na juyawa fiye da 'yan'uwanta, ta rage wa inji mai ta kuma ɗan kama birki. A yashi tayoyi ba sa rabuwa da ɗan zamewa, sai na'urar ta ɗauka haɗari ne, ta shaƙe injin a daidai lokacin da kike buƙatarsa. Ki danna maɓallin kashe ta kafin ki shiga. A wasu motoci tana dawowa da kanta in gudu ya wuce kusan kilomita 30 ko in an sake tayar da inji, a wasu kuma sa 4L kaɗai na kashe ta. Littafin motarki zai faɗa miki.

Fowil ɗin ki sa shi tun kina kan tauri, ba sai kin fara nutsewa ba. A jiƙaƙƙen yashi mai tauri 4H ta isa, giya ta biyu ko ta uku. A busasshe mai zurfi, ga ƙaramin inji, mun fi son 4L a giya ta uku ko ta huɗu, a tashi da ta biyu. Giya ta ɗaya a 4L ƙarfinta ya yi yawa, tayoyi kawai za ta sa su haƙa. Shiga 4L sai mota na tsaye, an taka kuloci. A otomatik kuma giya na kan N.

Abin da ake nema shi ne gudu ɗaya madaidaici, inji na kuka a tsaka-tsaki, ba ya gurnani kamar zai mutu ba kuma ya ihu. Ki zaɓi giya kafin wuri mai taushi ki riƙe ta har ki wuce. Da kin taka kuloci a cikin yashi mai zurfi motar tsayawa take nan take, kamar an ja birki, kafin ki sa wata giyar ta riga ta zauna. Kada kuma ki riƙe kuloci rabi-rabi kina lallaɓawa, warin ƙonewarsa ne zai biyo baya. Masu otomatik sun huta da wannan, amma man giyabos ɗinsu ne ke zafi, kuma 4L na rage masa wahala.

Tsayawa ma da dabara. Ki ɗage ƙafa daga totur, yashi zai tsayar da ke. Birki mai ƙarfi tudu yake tarawa a gaban tayoyi, wanda sai kin hau shi kafin ki tashi. In da hali ki tsaya hancin motar na kallon gangare. Ki kuma riƙa duba sitiyari: a cikin sawu mota kan tafi miƙe alhali tayoyin gaba a karkace suke suna huɗa yashi, direba bai sani ba, yana ta mamakin inda ƙarfi ya tafi.

Tambaya: Wane lokaci ne ya fi dacewa a shiga, kuma a wane sashe na bakin tekun ake bi?

Amsa: Teku ce ke tsara maka lokaci. A mafi yawan gaɓoɓi ruwa na cikowa sau biyu ya janye sau biyu a kwana ɗaya. Daga cikowa zuwa cikowa awa 12 ne da minti 25, kenan tsakanin cika da janyewa awa shida da 'yan mintoci, kuma kowace rana lokacin na jinkirta da kusan minti 50. Wanda ya shiga jiya da ƙarfe tara ya ga fili, kada ya ɗauka bayan kwana huɗu haka zai tarar. A nemi jadawalin cikar ruwa na wannan gaɓar ta wannan ranar. Ƙa'idar da masu wannan harka ke bi ita ce awa biyu kafin ƙarshen janyewa zuwa awa biyu bayansa.

Ruwan kuma ba da gudu ɗaya yake dawowa ba, nan ne mutane ke ruɗuwa. In ka raba duk hawan da zai yi gida 12, awar farko kashi ɗaya yake hawa, ta biyu kashi biyu, ta uku da ta huɗu kashi uku-uku, sannan biyu, sannan ɗaya. Rabin hawan duka a awa biyun tsakiya yake zuwa. Mai motar da ta kafe yakan kalli awar farko ya ce akwai lokaci. A kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa ruwa ya fi hawa ya kuma fi janyewa, har ya kai inda bai kai ba a makon da ya wuce.

Wurin bi shi ne jiƙaƙƙen yashin da ruwa ya janye ya bari, tsakanin layin tarkacen da cikar ƙarshe ta ajiye da inda igiyar ruwa ke kaiwa yanzu. Sama da layin busasshe ne mai cin mai. Ƙasa sosai kuma, inda yashi ke sheƙi, ruwa ya cika shi, kuma kowace igiya da ta koma tana kwashe yashin ƙarƙashin taya, motar da ta tsaya a nan tana nutsewa ne da kanta. A kula da bakin rafukan da ke zuba a teku: sukan yanka gaɓa mai tsayi da ba a hango ta daga nesa, musamman da tsakar rana da inuwa ta ɓace. Sauka ka taka da ƙafa. Inda ƙafarka ta nutse har idon sawu a jiƙaƙƙen yashi, kada ka kai mota. Tarin ciyawar teku ma yakan rufe rami.

In za ka juya, ka fara daga sama ka juyo ta wajen ruwa, gangare na taimakonka, maimakon ka hau sama cikin taushi da tayoyi a murɗe. Kafin komai ka tabbatar an yarda a shiga da mota, don gaɓoɓi da yawa sai da izini, wasu kuma a rufe suke saboda kunkurun teku da tsuntsayen da ke ƙwai a cikin yashi. Masu tafiya a ƙasa da yara ba sa jin ƙarar inji saboda rugugin ruwa, kai ne za ka kauce musu.

Tambaya: To in ta kafe fa, kuma ba kowa a kusa?

Amsa: Da ka ji gudu ya mutu tayoyi na juyawa a banza, ɗage ƙafarka. Daƙiƙa biyar na totur na iya mayar da aikin minti biyar ya koma na awa biyu. Muddin cikin motar bai zauna a yashi ba, nauyinta na kan tayoyi, fita mai sauƙi ce. In ya zauna, tayoyin rataye suke, ba abin da totur zai ƙara sai zurfi.

Ka fara da ribas a hankali, sitiyari a miƙe, kan sawunka, don yashin da ka taka ya riga ya danne. In ta motsa ko da taku ɗaya ne, ka yi gaba da baya kaɗan-kaɗan kana tsawaita dandamalin, har ka samu wurin ɗaukar gudu. In ta ƙi, sauke kowa da kaya, ka rage iska zuwa 10. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa. In bai isa ba, sai shebur mai dogon hannu: kwashe yashin da ke gaban kowace taya ta ɓangaren da za ka fita, ka yi shi gangare mai tsawo ba rami mai bango ba, sannan ka kwashe na ƙarƙashin aksul da shasi har ka hango haske ta ɗaya gefen. Allunan roba masu haƙora da ake yi don wannan aiki a cusa su sosai ƙarƙashin tayoyi, a hau su a 4L da ɗan totur; in ka bar taya ta yi ta juyawa a kansu haƙoran narkewa suke. Tabarmin ƙafa na mota ma na ɗan taimakawa. Zuba ruwa a busasshen yashin gaban taya yana sa shi kamawa.

In cikin ya zauna sosai, jak ne mafita, amma sai da faffaɗan katako a ƙarƙashinsa. Ka ɗaga taya ɗaya, ka cika raminta da yashi, ka danne, ka sauke, ka koma ta gaba. Kada wani ya sa jikinsa ƙarƙashin motar da jak ke riƙe da ita a yashi. Shi ya sa ma shiga da mota ɗaya tilo a gaɓar da ba mutane ba dabara ba ce.

Tambaya: Wani mai babbar mota ya ce zai fizgo ni da igiya. Akwai abin tsoro?

Amsa: Akwai, kuma an rasa rayuka a nan. Igiyar fizga ta nailan, mai tsawon kusan mita 9, tana miƙewa kamar kashi 20 cikin 100 ta tara ƙarfi sannan ta ja. In abin da aka ɗaura ta a jiki ya karye, ƙarfen yakan tashi kamar harsashi ya fasa gilashi. Kada a taɓa rataya ta a dunƙulen ƙarfen jan tirela. Ƙananan zobban da ake ɗaure mota da su a jirgin ruwa ko a kan babbar mota su ma ba don fizga aka yi su ba. Sai wurin ja na musamman da aka ɗaure da shasi.

Ƙarfin igiyar ya zama ninki biyu zuwa uku na cikakken nauyin motar da ta fi sauƙi a cikin biyun. Ga mai kilo 1,435 kenan tan uku zuwa huɗu da ɗoriya. Igiyar tan takwas ta babbar mota ba za ta miƙe da nauyin ƙarama ba, bugu kawai za ta yi kamar sarƙa, abin da ke lanƙwasa shasi. A yi haƙa tukuna, a ɗora bargo ko jakar yashi a tsakiyar igiyar don ya danne ta in ta tsinke, 'yan kallo su ja baya fiye da tsawonta sau ɗaya da rabi kuma ta gefe. Mai ja ya fara da ja a hankali ba tare da fizga ba. Mota mai sauƙi yawanci ba ta buƙatar fiye da haka.

Tambaya: Tudun yashin da ke bayan gaɓa fa, ana hawa?

Amsa: Inda aka ware hanya kawai, don ciyawar da ke kansa ita ke riƙe gaɓar. A hau a miƙe, a sauka a miƙe, kada a ratsa ta gefe. Busasshen yashi na iya tsayawa a gangare mai digiri 30 zuwa 34, in ka gitta shi tayoyin ƙasa su nutse motar ta kwanta. In hawa ya gagara kada ka juya: sa ribas, saki kuloci gaba ɗaya, ka gangaro a miƙe kan sawunka. A ƙoli ka sassauta, ba ka san abin da ke bayansa ba.

Tambaya: Bayan an fito, me ya kamata a yi wa motar?

Amsa: Abu biyu tun kafin ka hau kwalta. Mayar da iska yadda take, ka kuma koma 2H. Irin wannan fowil ɗin yana kulle farfelar gaba da ta baya su juya tare, a kwana kuwa tayoyin gaba sun fi na baya tafiya. Yashi na barin taya ta zame ta saki bambancin, kwalta ba ta bari, sai ƙarfin ya taru a giyabos na fowil da aksul. In ya ƙi fita, ɗan yi ribas na 'yan mitoci a miƙe, zai saki.

Sai wanki, a ranar, da ruwa marar gishiri kuma mai yawa. Jikin waje ba shi ne damuwa ba. Ƙarƙashi ne: cikin ramukan shasi, saman tankin mai, bayan tayoyi, birki, da duk lungun da jiƙaƙƙen yashi ke maƙalewa ya riƙe gishiri yana cin ƙarfe wata da watanni. A tura tiyo cikin ramukan shasi har ruwan ya fito fari. A fitar da matatar iska a kakkaɓe, a wanke lagireto da ruwa marar ƙarfi don kada haƙarƙarinsa su lanƙwashe. In birki na ƙara bayan wanki, yashi ne ya shiga, musamman a gangar birkin baya, makaniki ya buɗe ya share.

In ruwa ya kai tsayin aksul, a duba man ciki. Aksul mai zafi in ya shiga ruwan sanyi iskar cikinsa na tsukewa, ya zuƙo ruwa ta ƙaramin bututun numfashinsa. Man da ya koma kalar madara ruwa ya shige shi, a zubar a sa sabo kafin a yi doguwar tafiya. Tayar da kuma ta fara rage iska a hankali bayan kwana biyu, kafin a zargi ƙusa a sa mai faci ya cire ta ya share yashin da ya maƙale tsakanin leɓenta da rim.